Neman ramen ta gaske a Düsseldorf: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi

Duk wanda ya zo Jamus karatu ko aiki ko ziyara, ya ji labarin taliyar nan ta Japanawa da ake ce wa ramen, in ya tambayi inda ake samun ta gaske amsa ɗaya ake ba shi: ka je Düsseldorf. Daga nan kuma tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu amsar layi biyu ce, wasu kuma sai an yi haƙuri da ni.

Yaya, tsakani da Allah, ramen ɗin nan ba indomi ba ce aka ƙara mata kuɗi?

'Yan uwa ne amma ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. Taliyar leda da ake zuba wa ruwan zafi wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958, ya kira ta Chikin Ramen, kamfaninsa Nissin ya fara sayarwa, a 1971 kuma ya fito da ta kofi wato Cup Noodles. Dabararsa ita ce ya dafa taliyar ya soya ta a mai ta bushe ƙarau yadda za ta yi watanni ba ta lalace ba. Indomie da mai shayi ke haɗa maka da ƙwai ta kamfanin Indofood ce na ƙasar Indonesiya, a kan wannan dabarar aka gina ta. Amma ramen ta shago ta girme su nesa ba kusa ba, asalinta taliyar mutanen Sin ce da suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Yokohama, kuma shagon da aka fi ambata a tarihinta shi ne Rairaiken da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910. Bayan yaƙin duniya na biyu da shinkafa ta yi wuya, Amurka ta riƙa shigo da alkama Japan, nan ne fa ramen ta bazu ta zama abincin leburori da ma'aikata. Ita ɗanyar taliya ce ake dafawa a lokacin da ka yi oda, a zuba ta cikin romon da aka kwana ana dafawa, babu ledar maggi a ciki.

Me ya sa Düsseldorf? Berlin ba ta fi girma ba?

Ta fi girma kam, kuma akwai shaguna masu kyau a can, amma Japanawa a Düsseldorf suka fi taruwa. Tun a shekarun 1950 kamfanonin kasuwancin Japan suka fara buɗe ofisoshi a garin saboda yana maƙwabtaka da yankin Ruhr inda ake ƙera ƙarfe da injina, su kuma lokacin suna sake gina ƙasarsu, ƙarfe da injin suke nema ido rufe. Ma'aikata suka zo, iyalansu suka biyo su, aka kafa kulob ɗin Japanawa a 1964, aka buɗe makarantar yaransu a 1971, akwai ƙaramin ofishin jakadanci, akwai ma wurin ibadarsu da lambu mai suna EKO-Haus a unguwar Niederkassel can tsallaken kogin Rhine. A Turai in ka cire Landan da Paris babu garin da ya kai shi yawan Japanawa, ga shi garin bai kai rabinsu girma ba.

Wannan tarihin shi ne dalilin da ya sa abincin ke da kyau. Mai shago a nan ba 'yan yawon buɗe ido kaɗai yake dafa wa ba, yana dafa wa ma'aikacin da ya taso a Osaka ko Sapporo ya fito hutun rana yana da minti arba'in kacal, wanda in romon ya yi salam ba zai ce maka komai ba, kawai ba zai ƙara dawowa ba ne.

In na sauka tashar jirgin ƙasa ina zan nufa?

Ba ka buƙatar taksi. Ka fito ta babbar ƙofar Hauptbahnhof, wato babbar tashar jirgin ƙasa, titin da kake nema sunansa Immermannstraße, da ƙafa ne minti biyar zuwa goma ka shiga tsakiyar abin, za ka gane ka iso in ka ga allon sunan titin an rubuta shi da Jamusanci da kuma haruffan Japan. Shi da titunan da ke kusa da shi, Oststraße da Klosterstraße, su ake kira Little Tokyo. Sunaye uku da za ka fi ji a bakin mutane: Takumi a kan Immermannstraße, wanda ya yi suna a ramen irin ta Sapporo kuma daga can Sapporo ɗin yake kawo taliyarsa, sai Naniwa a Oststraße wanda yana nan tun shekarun 1980, sai Takezo shi ma a Immermannstraße. Na ambace su ne don su aka sani, amma kar ka shiga ka yi oda sai ka karanta amsar da ke maganar alade a ƙasa.

To yaya zan bambance ta gaske da ta bogi, tunda kowa ya rataya jar fitila a ƙofa?

Ai fitila da hoton kyanwa mai ɗaga hannu a intanet ake sayo su, kowa na iya ratayawa. Fara da takardar abinci. In ka ga shago ɗaya yana sayar da sushi da soyayyar shinkafa da agwagwa mai miyar zaƙi da kori na Thailand da pho na Vietnam, can ƙasa kuma an liƙa ramen kala biyu, to ka san ba wanda ya kwana kan tukunyar romo a gidan nan, romon daga gari ko daga jarka ya fito. Mai ramen na ƙwarai abincinsa kaɗan ne, ramen kala biyar ko takwas, gyoza wato ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki, soyayyar kaza da suke kira karaage, wataƙila ƙaramin kwanon shinkafa, shi ke nan.

Sai taliyar kanta. Ana kwaɓa ta da fulawar alkama da gishiri da ruwa da wani sinadari da ake kira kansui, wanda in ka san aikin da kanwa ke yi a girki ka gama fahimtarsa, don dangin juna ne. Shi ke sa taliyar ta yi ɗan rawaya ba tare da an sa ƙwai ba, ta yi danƙo a haƙori, ta kuma jure zama cikin romo mai zafi ba ta narke ba. In ka ɗaga ta ka ga tana tsinkewa tun kafin ta kai baki ko ta yi laushi luguf, ko dai an dafe ta ya wuce misali ko kuma ba ta ramen ba ce tun farko.

Sai romo, wanda shi ne gaba da komai. Kurɓi cokali ɗaya kafin ka taɓa taliya. Ya kamata ya zo da zafi sosai, ka ga ɗigon mai yana yawo a sama yana ƙyalli, in mai kauri ne ka ji leɓenka ya ɗan yi maƙo bayan ka haɗiye, wannan maƙon daga ƙashin da aka dafa ya fito, gari ba ya iya kawo shi. Kuma abu uku ake haɗawa a kwano: tare, wato ɗan ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake zubawa a gindin kwano tun farko, sai man ƙamshi, sannan romon a kai. In kicin a buɗe yake ka tsaya ka kalla, za ka ga mai girki ya jera kwanuka ya zuba ruwan tare ɗin da ƙaramin ludayi, ya jefa taliya cikin 'yan kwanduna masu hannu a tafasasshen ruwa, ya danna agogo, da ya yi ƙara ya fizgo kwandon ya kaɗe ruwan da ƙarfi sau uku ko huɗu ya kife a kwano. In ka ga haka zauna abinka.

Ƙwan ma yana tona asiri. Ajitama ake ce masa, farin ya yi ruwan ƙasa don ya kwana a ruwan soya, wato baƙin ruwan gishirin nan na waken suya, gwaiduwar kuma tana ɗan malala. In aka kawo maka ƙwai dafaffe tauri mai koren zobe a gefen gwaiduwa, to sauran abin ma haka aka yi shi.

Dole ne mai girkin ya zama Bajapane?

A'a. Akwai Jamusawa da 'yan Koriya da 'yan Vietnam da suka je suka koya suka iya, akwai kuma Bajapanen da bai iya ba. Waɗanda ke zaune suna ci su za ka duba, musamman da rana a ranakun aiki.

Sunayen nan na takarda sun rikita ni, shoyu, shio, miso...

Uku daga ciki sunan tare ne, ɗaya kuma sunan romo. Shoyu ita ce mai ruwan soya, romonta garai-garai ne ruwan ƙasa, ita ce irin ta Tokyo ta asali. Shio mai gishiri ce, ta fi kowacce sauƙi, kuma ita ce ba a iya ɓoye mummunan romo a cikinta. Miso tana da kauri, an sa mata niƙaƙƙen waken suya da aka tsima da gishiri, daga Sapporo ta fito a tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi a shekarun 1950, taliyarta mai lanƙwasa ce, wani lokaci har da masara da man shanu a kai, a watan Janairu a Jamus ba abin da ya kai ta. Tonkotsu kuwa romon ƙashin alade ne zalla da ake tafasawa awanni da yawa har ya koma fari kamar madara, daga yankin Fukuoka a kudu, taliyarta siririya miƙaƙƙiya. Kar ka rikita ta da tonkatsu, wannan soyayyen naman alade ne, duk dai ba namu ba ne. Akwai tori paitan, farin romon kaza mai kauri, ka riƙe sunan nan da kyau. Akwai tsukemen da ake kawo taliya daban romo daban kana tsomawa, sai tantanmen mai riɗi da yaji wadda yawanci da niƙaƙƙen naman alade ake yin ta. Abubuwan da ke sama kuma: chashu yankan nama ne, menma tohon gora ne da aka tsima, nori busasshen ganyen teku, negi albasa mai lawashi, narutomaki farin abu mai zanen ja da ake yi da kifi.

Malam, mu je ga magana: akwai alade a ciki ko babu?

In ba ka tambaya ba, ka ɗauka akwai. Nan ne fa mutanenmu ke faɗawa rami, don mutum ya ga an rubuta ramen da kaza sai ya saki jiki, alhali kazar da ake nufi ita ce wadda aka ɗora a sama, romon kuwa tukunya ɗaya ce ta gidan duka. Shaguna da yawa suna haɗa ƙashin kaza da na alade a tukunya guda, har a shoyu da shio da kake gani garai-garai. Chashu in ba a ce na kaza ba ne to na alade ne. Wasu kuma ruwan da aka dafa chashu a ciki shi suke sawa a cikin ruwan tare ɗin, shi kuma suke jiƙa ƙwai da shi, kenan ko ƙwan bai tsira ba. Miso irin ta Sapporo a gargajiyance da kitsen alade ake soya kayan lambunta, kitsen ne ke rufe saman kwano ya hana ta hucewa. Gyoza ma yawanci alade ne a ciki. Don haka cewa a cire maka naman sama bai raba ka da komai ba.

Kuma kar ka dogara da 'yan haruffa da lambobin da ke gefen sunan abinci. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane da borin jini, irin su alkama da ƙwai da gyaɗa da riɗi da kifi da waken suya, naman alade ba ya cikin jerin, ba wanda ya tilasta musu rubuta shi a nan.

Mafita biyu ce. Ko ka nemi gidan da kaza ce sana'arsa kacokan, kamar reshen Takumi da aka ware wa kaza da ganye a Klosterstraße, ko ka ci wadda aka rubuta vegan, wato ta ganye zalla. Ko a nan ɗin ma bakinka shi zai fid da kai, ka tambaya. Sai maganar yanka: kazar da ba alade a tare da ita daban, kazar da aka yanka yadda Musulunci ya ce daban, kuma yawancin gidajen ramen ba su da takardar halal ba su kuma ce suna da ita ba. Malamai sun yi magana a kan naman ƙasashen nan, kowa ya san wanda yake bi, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a kan ta ganye.

Giya fa? An ce suna sawa a girki.

Gaskiya ne. Mirin, wata giyar shinkafa ce mai zaƙi, da sake, ita ma giyar shinkafa, duka biyun suna shiga cikin ruwan tare ɗin da kuma ruwan jiƙa ƙwai a mafi yawan gidaje, har a vegan ɗin ma, don mai cin ganye ba ruwansa da giya. Ana tafasa su yawanci, amma tafasa ba ta kore ta duka. Shi kansa ruwan soya da aka tsima a gargajiyance yana da ɗan burbushin barasa da ke fitowa wurin tsimawa. A nan ma akwai mai tsanantawa akwai mai sassautawa. Abin da zan ce kawai shi ne ka yanke shawararka tun a gida, kar sai ka zauna mai hidima na tsaye a kanka da biro ga mutum ashirin a layi suna leƙenka ta gilashi.

Me zan ce musu da Jamusanci?

"Ist Schwein in der Brühe?" wato akwai alade a romon. "Auch kein Schweinefett?" ko kitsensa ma babu. "Ist Alkohol drin, Mirin oder Sake?" Turanci ma suna ji sarai. In mai hidimar ya ce bari ya tambayo kicin alama ce mai kyau, wanda ya amsa maka da sauri yana murmushi bai ko tsaya ya ji ƙarshen tambayar ba shi ne abin tsoro.

In na ci ta kaza ko ta ganye, na ci ramen ta gaske kenan ko an yi min wayo?

Ka ci ta gaske. Masu cewa in ba tonkotsu ba ce ba ramen ba ce, a Turai suka fara sanin ramen, don ita ce aka fi tallatawa lokacin da abin ya yi tashe a Landan wajen 2012. A Japan kuwa romon kaza da na busasshen kifi da na ganyen tekun kombu tsofaffin hannu ne. Tori paitan da aka yi da kyau, wadda aka tafasa ƙashi da ƙafafun kaza har suka narke, ba ta jin kunyar kowa, ni a wurina ma ta fi sauƙin sha har ƙarshen kwano. Ta ganye ita ce sai an dace, wasu gidajen suna yin ta da kombu da busasshen naman kaza na shiitake da madarar waken suya ta fito da daɗi sosai, wasu kuwa ruwan kabeji ne kawai aka sa wa miso don kar a ce ba su da ita. Naman kaza a nan wanda ke tsirowa a itace nake nufi, ba tsokar kaza ba.

Nawa zan tanada, kuma yaushe ya fi?

Ka riƙe yuro ashirin zuwa ashirin da biyar na mutum ɗaya in za ka haɗa da abin sha, kwanon kansa yawanci yana tsakanin goma sha wani abu. Ruwa ba kyauta ba ne a gidajen abincin Jamus, ba kamar Japan ba. Ka zo da tsabar kuɗi a aljihu don har yanzu akwai ƙananan wuraren da ba sa son kati, kuma ana ɗan ƙara wa mai hidima wani abu, in kuɗinka 18.50 ne ka ce a mayar 20.

Layi kuwa dole ne, galibi ba a kama tebur tun gaba, ranar Asabar za ka ga mutane jere a bakin titi cikin sanyi da yayyafi. Amma layin na tafiya don ba wurin zaman hira ba ne, ka ci ka tashi. In kana so ka huce wahala ka zo daidai lokacin buɗewa ko bayan ƙarfe biyu na rana a ranar aiki, ka dai duba ko suna rufewa tsakanin rana da yamma. Ranar Japan-Tag, bikin da ake yi sau ɗaya a shekara wajen Mayu ko Yuni tun 2002, dubban ɗaruruwan mutane ke cika garin, da daddare a yi wasan wuta a kan kogin Rhine. Je ka kalli biki, amma ba ranar neman kujera a gidan ramen ba ce.

Ban iya cin abinci da sandunan nan ba, za a yi min dariya?

Ba wanda ke da lokacinka, nemi cokali mai yatsu za a ba ka. Abin da ya fi muhimmanci ka ci da zafinta, don taliyar na ci gaba da dahuwa a cikin romo, minti goma in ka tsaya ɗaukar hoto ta kumbura. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin tarbiyya ba ne a wurinsu, ɗaga kwano a kurɓa ma haka. Abu ɗaya da ba sa so shi ne ka soke sandunan a tsaye cikin shinkafa, wannan na bikin mamaci ne. In taliya ta ƙare romo ya rage, wasu gidajen na da kaedama, ƙarin taliya kenan a kan kuɗi kaɗan.

Yaya, ni da yara zan zo, in sun ƙi ci fa?

Hajiya ai kin zo garin da ya dace. Ki koma tashar ki fita ta ƙofar baya zuwa Oberbilk, titin Ellerstraße unguwar 'yan Maroko ce, akwai mahauta na halal da gidajen gasasshen nama da masallatai, duk tafiyar ƙafa. Sai dai gidajen ramen matsattsu ne, keken jariri na wahalar shiga, gara ki zo da zani ki goya.

Ni a Faransa nake, sai na zo Jamus?

A'a. A Paris ka nufi titin Rue Sainte-Anne kusa da Opéra, nan Japanawa suka yi sansani. A Landan akwai su da yawa a Soho da kewaye, har da Ippudo wanda asalinsa daga Fukuoka ne, sai dai shi tonkotsu ce sana'arsa. Gwajin dai iri ɗaya ne ko'ina, tambayoyin ma haka.

In na ga duk abin ya yi min yawa, zan iya yi a gida?

Sosai ma, kuma nan ne ka san abin da ya shiga tukunyarka. A kan Immermannstraße akwai kantunan kayan abinci irin su Shochiku da Dae-Yang, ka sayi ɗanyar taliyar ramen a firji ko firiza, da kombu, da katsuobushi wato busasshen kifin da aka fere sirara, da ruwan soya da miso, ka karanta bayan kwali don wasu miso ɗin ana ƙara musu barasa, in taliyar ta zo da ledar romo a ciki ka ajiye ledar gefe. Ka tsallaka Oberbilk ka sayi ƙashin kaza da fukafukai da ƙafafu wurin mahauci, ka fara tafasa su minti biyar ka zubar da ruwan farko ka wanke, sannan ka mayar da sabon ruwa da citta da tafarnuwa da albasa. In garai kake so ka rage wuta ya riƙa motsi a hankali awa huɗu, in fari mai kauri kake so ka bar shi yana tafasa da ƙarfi awa shida kana ƙara ruwa. Kombu ba a tafasa shi, jiƙa shi za ka yi daban ka haɗa daga baya, in ya tafasa yauƙi yake yi. Ka tuna kantuna a Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, sayayyar ta Asabar ce.